Wada Mai Tace Ƙwayar Cuta

A Gangara, idan ka ji ana gardama a teburin mai shayi kuma murya ɗaya ta danne sauran, ba sai ka leƙa ba, Wada ne. Tun da ya yi wayo ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ya taɓa gyara lasifikar masallaci ta koma kamo tashar Nijar, ya taɓa yi wa maƙwabcinsa awon fili har katanga ta bi ta kan rijiya. Duk da haka ba wanda ya tsane shi, don ba mugu ba ne. Bakinsa ne kawai yake riga kansa isa wuri.

A wannan shekara matarsa Bara'atu na da tsohon ciki, na fari. Ragon suna ya riga ya samu, amma ba da ƙoƙarin Wada ba. Surukarsa Inna Tasalla ce ta yi kiwonsa, wani Uda, gaba baƙi baya fari, wanda uwarsa ta mutu ta bar shi yana ɗan mitsitsi. Tsohuwa ta raine shi da hannunta har ya zama ƙato mai ƙaho a murɗe, ta ce wannan na jikanta ne, ranar suna za a kayar da shi. Duk unguwa an san ragon, an kuma san yadda take ji da shi.

Abin ya samo asali ne a motar haya mai zuwa garin Isa. Wada na dawowa daga Sakkwato, an cusa su kamar buhunan albasa, rediyon direba na ta ɓaɓatu. Wani likitan dabbobi ne ake hira da shi a kan zazzabin da ke kashe aladu can kudu.

Wani dattijo ya yi tsaki. "Direba, canza muna tasha. Mi yah haɗa mu da gursunu da rana tsaka?"

Direba ya ce, "Baba, abin murɗawa ya ɓalle tun bara. Ko ku ji gursunu, ko ku ji kukan inji."

Haka aka haƙura da aladu. Likita ya ci gaba da cewa ƙwayar cuta tana shiga jikin dabba ta abinci da ruwan sha, kuma kada masu awaki da tumaki su ce ba ruwansu, su ma suna da irin tasu cutar, hanyar ɗaya ce. "Ita wannan ƙwaya kuwa," in ji shi, "abin da ya kamata kowa ya sani game da ita shi ne..."

Sai mota ta faɗa rami, rediyo ya mutu, bai sake tashi ba.

Wada bai damu da abin da bai ji ba, rabin da ya ji ya ishe shi. Ƙwaya? Ai shi ɗan manoma ne, da ƙwaya ya buɗe ido. Ƙwayar gero, ƙwayar dawa, ƙwayar gyaɗa, har ƙwayar magani ta kemis. Kuma duk abin da ake kira ƙwaya, in an zuba shi a rariya a sama yake tsayawa. Ya yi mamakin yadda likitocin birni da duk karatunsu ba su gano wannan ba. Kafin mota ta iso Isa ya gama tsara komai, har ya fara jin yadda "Likita Wada" zai yi daɗi a kunne.

Ya tarar da Bara'atu a tsakar gida tana tankaɗen gari.

"Miƙo min rariyag ga."

"Malam, ba ko sallama? Ina kanwa da cittad da nic ce ka sawo?"

"Bari zancen citta. Yau na zo da abin da yab buwayi mutanen birni. Ƙwayac cuta za ni kamawa."

"Da rariyata?"

"Da mi a ka kama ƙwaya in ba rariya ba?"

"To tuwo hwa?"

"Ke kina zancen tuwo, ni ina zancen ceton bisashen ƙasar Gobir."

Ya fizge rariya, ya janyo ƙwaryar ƙasarin da aka wanke gero, wanda ake ajiye wa awaki, ya juye a kai. Ruwa ya wuce, sai ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa sun tsaya a sama. Wada ya yi kabbara. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a tsohuwar kwalbar turare, ya toshe bakinta da tsumma don kada su gudu.

Washegari da safe kwalba ta riga shi hawa teburin mai shayi. A cikin masu zama har da Marwan, taubashinsa, ɗan kawunsa, mai fataucin albasa zuwa Maraɗi. Tsakanin su biyun ba a fushi, sai dai a rama. Marwan ya ɗaga kwalba, ya duba ta a hasken rana, ya girgiza.

"Wada, wanga kashin kusu na."

"Kashin kusu ga idon jahili. Ka taɓa ganin ƙwayac cuta?"

"A'a."

"To ƙaƙa kas san ba ita ta ba?"

Kowa ya ƙura wa kwalbar ido. Mai shayi ma ya tsaya da buta a sama. Gaskiya ba wanda ya taɓa ganinta, kuma ga mutum ya zo da ita a kwalba. Ga shi kuwa a 'yan kwanakin ana ta jin labarin wata mura da ke kayar da awaki da tumaki a ƙauyukan wajen Isa, kowa hankalinsa a tashe yake. Mai tsoro ba ya tsayawa binciken magani.

Kafin azahar Wada ya kewaye filin bayan gidansa da zana da ƙaya, ya sa an raba masa tsohon duro gida biyu ya zama komi, wato abin shan ruwan dabbobi. Ya zaga unguwa yana shela da kansa, don bai yarda wani ya iya faɗa kamar shi ba. Kowa ya kawo dabbarsa asibitin Likita Wada, ruwa tatacce, dusa tankaɗaɗɗiya, komi ɗaya, ba ƙwayar da za ta ratsa. Mata suka yi ta koro awaki, maza suka janyo raguna. Wurin ya cika da kuka da ƙura.

Marwan kaɗai ya ƙi.

"Ragona shina shan ruwanai ga tasatai shi kaɗai, awa sabon ango. Bar min shi nan."

"In ya mutu kar ka zo min kuka."

"In ya mutu na yi mishi zaman makoki, ka zo ka yi muna wa'azi."

Saura babban kamu, wato Uda. Wada ya san in dai ragon Inna Tasalla bai shiga asibitinsa ba, mutane za su ce ko surukarsa ba ta yarda da shi ba. Ya sa Bara'atu a gaba suka tafi. Tun daga zaure ya tuɓe takalma, ya durƙusa nesa, idonsa a ƙasa kamar mai neman allura. Inna Tasalla irin mutanen da ce, ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye. Ko yana gabanta, da 'yarta take yi.

"Ki tambaye shi, ragon ya ce mishi ba shi da lahiya?"

Wada ya ce wa ƙasa, "Inna, rigakahi na. Ƙwaya ba ta sallama in za ta shiga."

"Ki hwaɗa mishi tun ragon ga bai iya tsayuwa ba ni ka ba shi ruwa, ban taɓa ganin ƙwaya ciki ba."

"Inna, don ba a tace ba na."

Ya zaro kwalba ya ajiye a gaban Bara'atu, ita kuma ta tura gaban uwarta da ɗan yatsa ɗaya. Tsohuwa ta daɗe tana kallonta. Ba ta yarda ba, amma tsoron a ce rago ya kamu a hannunta bayan an yi mata tayi ya fi ƙarfinta.

"Ki hwaɗa mishi amana ta. Ragon jikana na. Yadda yat tahi da ƙahwahunai, haka ni ka son shi dawo."

Wada ya ja Uda ta tsakiyar gari, ya bi ta doguwar hanya don kowa ya gani.

Da farko abin ya yi kyau, har ya fi kyau. Kullum Wada na bakin komi, rariya a hannu, yana tace ruwa yana tsinto hakukuwa da ƙudaje da 'yan tsakuwoyi. Kwalbar turare ta cika, aka koma ta lemo. Ba dabbar da ta yi ko tari. Tuwon gidan dai ya koma da tsaki-tsaki, ranar da Bara'atu ta karɓi rariyar ta yi tankaɗe kuwa, miyar kuka ma ba ta iya ɓoye warin awaki ba.

Da ya tsaya nan, da wataƙila har yau ana ce masa Likita. Amma Marwan ya sake tsokano shi a teburin shayi.

"Asibitin mi ke nan, kowa lahiyatai lau? Ai ni ma in an ba ni masu lahiya ina iya warkad da su."

Maganar ta tsaya wa Wada a wuya. Ranar kasuwar Isa ya yi sammako, ya zaga kara, inda ake sayar da dabbobi, yana neman dabbar da ta fi kowace jin jiki. A can gefe ya ga wani bunsuru tsaye kai a ƙasa, idanu sun yi kwantsa, majina na zuba har gemu. Mai shi na ganin an tsaya ya ce a ɗauka kyauta, har igiya ya bari a wuyansa, bai ko tsaya jin godiya ba. Wada ya ɗauka kwarjininsa ne ya yi aiki.

Ya shigo da bunsuru asibiti da yamma, mutane na biye. Ya tace ruwa a gabansu har ya cika komi, ya ce baƙo ne zai fara sha. Bunsuru ya tsoma baki da hanci, ya sha, ya yi atishawa a ciki, ya ƙara sha. Sannan aka saki sauran suka yi caa a kan komin, Uda a gaba don ya fi su ƙarfi.

Bara'atu ta leƙo ta saman zana. "Malam, majinatai hwa cikin ruwan ta ka zuba."

"An riga an tace ruwan."

"Ai bayan ka tace ta zuba."

"Ke, aikin likita ba tankaɗen gari ba na."

Amma don ya rufe mata baki ya sake bi da ruwan ta rariya, ya kamo majinar, ya ɗaga wa jama'a. "Kun gani? Uwar ƙwayoyin ke nan!" Aka yi ta salati. Da wannan rariyar, ko ɗauraya babu, ya tankaɗe dusar yamma. Da ita kuma ya bi gidajen da suka bar 'yan tsofaffin awakinsu a gida, ya tace masu ruwa kyauta, don shi ba ya son a bar kowa a baya. Gidan Marwan ne kawai aka sa masa sakata.

Ba a yi mako ba asibiti ya fara amsawa. Akuyar Laraba mai ƙosai ce ta fara atishawa, tunkiyar ladan ta karɓa, kafin ka ce me wuri ya rikice, wannan ta yi, waccan ta amsa. Laraba ta zo da zani a ɗamare.

"Likita, akuyata da taz zo tana tsalle, mi yas same ta?"

"Alhamdu lillahi! Ƙwayar da ke jikinta tun da daɗewa ita ka hita. Ki yi murna."

"Dusa ma ba ta ci."

"Mai jinya shina cin abinci da yawa?"

Laraba ta tafi tana waiwaye. Wada kuwa a ransa ya ɗan tsargu, amma ba da dabararsa ba, da rariyar. Ya ce idanunta sun yi faɗi, ƙananan ƙwayoyi na sulalewa. Ya koma tacewa da gyalen Bara'atu na zuwa biki. Da zawo ya biyo bayan atishawa, ya haɗa da rawanin da ya gada wajen mahaifinsa, ya ninka shi. Ruwa ya koma ɗiga kamar hawaye, dabbobi na layi da ƙishirwa, raguna na karo a bakin komi.

Sai ya tuna zamanin korona. Ya tsinke gidan sauronsu, ya yi wa kowace dabba takunkumi. Wannan aikin ya ci masa yini guda da cizo da harbi. Kafin ya gama ɗaura wa ta ƙarshe, na farko sun cinye na junansu, wata akuya na tafe da zare na lilo a bakinta. Bara'atu ta dubi gyalenta, ta dubi abin da ya rage na gidan sauro, ta haɗa kayanta a ƙwarya.

"Ni na tahi gida, dama lokacin tahiyata ya yi. In ka gama da wanga, ga zanen gado nan."

Ana cikin haka aka ji malamin dabbobi zai zo daga Sabon Birni duba lafiyar awaki, saboda murar da ake ji. Wani mai hankali da ya ɓoye. Wada kuwa cewa ya yi Allah ya kawo ranar da gwamnati za ta san da shi. Ya je da kansa ya gayyato mai unguwa, ya shimfiɗa tabarmi a bakin asibiti, ya jera kwalabensa a kan turmi. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, hula ya kafa ta a goshi.

Jama'a suka taru har kan katanga. Malamin ya sauka daga babur, mutum mai sanyin magana, ya gaida mai unguwa. Tun kafin ya zauna ya ji atishawa daga bayan zana, ya tsaya cak.

Wada ya tare shi. "Abokin aiki, sannu da zuwa. Ka huta, aikin an gama. Ga su nan duk na kama."

Malamin ya ɗauki kwalba ɗaya ya duba. "Mine na wanga?"

"Ƙwayac cuta."

"Wanga kashin kusu na. Wanga ƙuda na. Wanga kau hakin gero."

Daga can baya aka ji muryar Marwan. "Malam, ƙara hwaɗin na hwarkon, bai ji ba."

Malamin bai yi dariya ba, don ya riga ya leƙa cikin zana. Ya ga awaki kwance, ya ga bunsuru, ya ga komi ɗaya tal a tsakiya. Ya dafe kai.

"Duk nan su ka sha?"

"Ruwa tatacce," in ji Wada. "Rariya, gyale, rawani."

"Bawan Allah, sunanta kawai ƙwaya. Ido bai ganinta. Cikin ɗigon majina guda akwai ta ba iyaka, kuma idon rariya gare ta awa ƙohwar gari ta. Mai ciwo shi sa baki ga ruwa ko dusa, shi bar ta nan, na baya shi zo shi kwasa. Maganin abin a raba su, kowa da tasatai. Kai kau ka tara su, ka ba su komi guda, ka kawo masu mai ciwo har gida."

Laraba ta ce, "Har gidajenmu yab bi da rariyar!"

Malamin ya juyo a hankali. "Wace rariya?"

"Wadda yak kama majinar da ita."

"Inna lillahi."

Wada ya ga rana na neman faɗuwa a kansa, ya ce a tsaya, shaida na nan. Ya shiga ya janyo Uda, ya tsayar da shi gaban mai unguwa. "Ranka shi daɗe, dubi wanga. Tun ranad da anka buɗe asibiti nan shi ka sha. Ka ga alamar ciwo?"

Uda ya ɗaga kai da ƙyar, ya dubi mai unguwa, ya ja numfashi, ya saki atishawar da ta wanke gaban farar rigarsa tun daga wuya har aljihu.

Daga nan ba wanda ya sake jin maganar wani. Mata suka afka cikin zana kowa na neman tata, malamin na ihu kada a fitar da ko ɗaya, awaki masu sauran ƙarfi suka bi ta ƙarƙashin ƙafafu. Bunsuru, da kowa ya ɗauka ya kusa mutuwa, ya sami ƙarfin da ya tunkuyi turmi, kwalabe suka tarwatse. Wada ya yi kukan kura zai tare ƙwayoyinsa kada su bazu, ya taka igiya, ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin komi. Babbar riga ta sha ruwa ta baje, hula na yawo a gefensa.

Marwan ya matso ya leƙa. "Likita, a kawo rariya a tace ka?"

A daidai nan wata maƙwabciyar Inna Tasalla ta kutso tana guɗa. "Ina Wada? Albishirinka! Bara'atu ta sauka lahiya, namiji!"

Wada na zaune cikin ruwa, ya buɗe baki don murna, sai idonsa ya faɗa kan Uda. Ragon ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, kai a ƙasa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Mai unguwa, yana goge riga da hankicin wani, ya yanke hukunci a tsaye. Ba dabbar da za ta fita. A ƙone sauran dusa, a kife komi, a raba masu ciwo da masu sauran lafiya, kowace da kwanonta. Ɗebo ruwa da wanke kwanoni kuwa duk na Wada ne, shi kaɗai. Malamin ya yi wa na gidajen da cutar ba ta kai ba allura, ya ba da abin da zai iya na magani, ya ce saura sai addu'a.

A kwanakin nan an ga abin da ba a taɓa gani ba a Gangara, an ga Wada yana aiki bakinsa a rufe. Daga rijiya zuwa bayan gida, daga bayan gida zuwa rijiya. Wasu awakin suka tashi, wasu suka tafi, akuyar Laraba ta miƙe amma ta daina kallon inda yake. Uda ya fi ba shi wahala. Ya share masa hanci da gefen rigarsa, ya ɗura masa kunu da ludayi, ya roƙe shi kamar mutum. "Ka yi wa Allah ka tashi, ko don yaron ga." Ana gobe suna da hantsi, ragon ya miƙe ƙafafu. Wada ya zauna a gefensa ya yi kuka na gaske, ba don kunyar gari ba, don ya san abin da ya kashe.

Bunsurun kuwa ya warke sarai, har ya fara bin awakin mutane.

Safiyar suna maza suka cika ƙofar gidan Inna Tasalla. An raba goro, mahauci na gefe yana wasa wuƙa, liman ya gyara zama.

"To, ina ragon?"

Kowa ya san amsa, amma kowa ya juyo ya dubi Wada. Ya miƙe. Mutumin da bai taɓa rasa ta cewa ba ya tsaya yana murza hula.

"Malam, babu. Ni nik kashe shi."

Ba wanda ya yi dariya, abin ya wuce nan. Mahauci ya fara mayar da wuƙa kube. Sai aka ji kukan rago daga lungu, ga Marwan tafe yana jan nasa, fari sol, sai sheƙi yake yi.

"Ku yi haƙuri na makara, ango na, bai son sammako." Ya miƙa wa mahauci igiya, ya juyo wajen Wada. "Ba don kai ba, don ɗana. Kuma ka matsa can, kar ka yi mishi numfashi kahin a yanka."

Wada ya kama hannunsa da hannu biyu, ya kasa cewa komai. Marwan ya ce wa jama'a su shaida, yau ya ga taubashinsa ya yi shiru, ragon bai tafi a banza ba. Nan aka saki dariya, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna Amiru.

Da rana ta ɗaga aka aiko Wada ya shiga ciki. Wannan kiran ya fi masa faɗawa komi ciwo. Ya tuɓe takalma tun daga waje, ya durƙusa a bakin ɗaki. Bara'atu na zaune da jariri, Inna Tasalla na gefenta, ta ba ƙofa baya. 

"Ki hwaɗa mishi," in ji tsohuwa, "ragon nan da yatsana yak koyi tsotso. Na so in ga jikana ya ci albarkatai. Allah bai nuhwa ba."

Wada ya ƙara sunkuyar da kai. "Inna, na yi kuskure."

"Ki hwaɗa mishi na ji yadda yay yi jinyatai. Na yahe."

Bara'atu ta miƙo jariri. Wada ya karɓa, yana kallon 'yar fuskar. Yaron ya yamutsa hanci, ya yi wata 'yar atishawa irin ta jarirai. Wada ya zabura, idonsa ya tafi wajen madafa inda ake rataye kayan tankaɗe.

A karo na farko tun da ya auri 'yarta, Inna Tasalla ta juyo ta dube shi ido cikin ido. Ba ta bi ta kan Bara'atu ba.

"Wada. Ka ga turken can na Uda? Ba kowa gare shi yanzu. Ka ƙara taku guda wajen madahin nan, kai za ni ɗaurewa."

Wada ya dubi turken, ya koma ya zauna da ɗansa.

"To, Inna."